Turmi Uku Ga Mata, Biyar Ga Maza: Wa Ya Yanke Haka?

Yau za mu leƙa wasan tanis, watau ƙwallon nan da mutum biyu ke bugawa da raga a tsakaninsu, domin akwai wata magana da ake yawan yaɓa wa matan da suka riƙe shi sana'a, wadda bai kamata mu bar ta ta wuce ba mu tanka ba. Wai ana biyan mata daidai da maza alhali kuwa aikinsu bai kai na maza ba, tun da su turmi uku suke yi, maza kuwa biyar.

Bari mu fara da lissafin, domin wadda ba ta saba kallo ba. Idan 'yar wasa ta ci bugun farko sai a ce tana da 15, na biyu 30, na uku 40, na huɗu kuwa ta ci gem guda. In suka yi kunnen doki a 40, to sai wadda ta ci bugu biyu a jere. Wadda ta riga tara gem shida, ta kuma ba abokiyar karawarta ratar biyu, ita ta ci turmi, in mun ari kalmar 'yan dambe. In aka kai shida da shida sai a yi gem na raba gardama, wanda ake ci da maki bakwai da ratar biyu. A karawa mai turmi uku, wadda ta riga cin biyu ta gama. A mai turmi biyar kuwa sai an ci uku.

Manyan gasa huɗu ake yi kowace shekara: ta Ostareliya, ta Faransa, ta Wimbledon a Ingila, da ta Amurka. A nan ne maza ke yin turmi biyar. A sauran gasannin shekara su ma uku suke yi kamar mata, ba kuwa mu taɓa jin an ce a rage musu lada saboda haka ba.

To, ku tambayi mai wancan zance, shin matan ne suka ce ba za su iya biyar ba? Tsakanin 1891 da 1901 mata sun sha buga karawar ƙarshe ta gasar Amurka da turmi biyar, sai shugabannin wasan, waɗanda maza ne, suka mai da ita uku. A 1973, a birnin Houston, Billie Jean King ta kara da Bobby Riggs, tsohon zakara mai shekara 55 wanda ya cika baki cewa mace ba za ta iya da shi ba. Turmi biyar aka shata, amma ta gama da shi a uku: 6-4, 6-3, 6-3. Daga 1984 zuwa 1998 kuma, karawar ƙarshe ta gasar rufe shekara ta mata a New York mai turmi biyar ce. A 1990 Monica Seles da Gabriela Sabatini suka buga biyar ɗin cif, kusan awa huɗu, kowacce kuma ta fita fili da ƙafarta.

Ban da haka, tun yaushe aka fara biyan 'yan wasa da agogo? A 2010, a Wimbledon, John Isner da Nicolas Mahut sun shafe awa 11 da minti 5 cikin kwana uku, turmin ƙarshe ya tashi 70-68. Zagayen farko ne, kuma ladan da suka samu bai kama ƙafar na zakaran shekarar ba. A 1984, a garin Richmond na Amurka, Vicki Nelson da Jean Hepner sun yi awa 6 da minti 31 a kan turmi biyu kacal. Kowa ya sani ba a biyan mai kitso domin daɗewar da aka yi a gabanta, kyan kitson ake biya. Shi ya sa muke ganin gasar Amurka ta yi daidai da ta daidaita lada tun 1973, ko da yake Wimbledon, wadda a 1968 ta ba zakaran maza fam 2,000 ta ba ta mata fam 750, sai a 2007 ta bi sahu, bayan Venus Williams ta matsa mata lamba.

Amma fa kada mu ruɗi kanmu, dokar turmi uku mata take cuta. Karawa mai tsawo tana ba wanda ya yi tuntuɓe damar miƙewa. A karawar ƙarshe ta gasar Faransa a 2025, Jannik Sinner ya cinye turmi biyu na farko, amma Carlos Alcaraz ya farfaɗo ya ɗauke kofin bayan awa 5 da minti 29. Da dokar mata aka yi masa, da tun a turmi na biyu ya tattara jakarsa. Ku dubi kuma Ons Jabeur ta Tunisiya, wadda ta kai karawar ƙarshe a Wimbledon a 2022. Ta ci turmin farko, Elena Rybakina ta ci biyu na gaba, shi ke nan aka tashi. Da namiji ne, da sauran wasa. A 2025 kuwa Iga Swiatek ta lallasa Amanda Anisimova 6-0, 6-0 cikin minti 57, yarinya ba ta ko gama wartsakewa daga fargaba ba aka miƙa kofi.

Cutar ba ta tsaya nan ba. A gasar Faransa ta 2025 ko karawar mata ɗaya ba a sa a wasan dare na babban fili ba, lokacin da jama'a suka taso daga aiki suke kallo, hujjar masu gasar kuwa ita ce wasan mata yana iya ƙarewa da wuri. Watau su suka gajarta wasan, su ne kuma ke hana mata fili domin ya gajarta.

Masu shirya gasa suna cewa lokaci ba zai isa ba, tun da maza 128 da mata 128 ke shiga, a gama cikin mako biyu. Wannan gaskiya ne, amma yana da magani. A sa kowa, mace da namiji, ya yi turmi uku a zagayen farko, in an rage saura mutum takwas sai kowa ya koma biyar. Ba sabon abu ba ne, domin a tsakiyar shekarun 1970 gasar Amurka ta taɓa sa maza yin turmi uku a zagayen farko. Kuma doka ba dutse ba ce. A 2022 manyan gasannin huɗu suka haɗa baki cewa in turmin ƙarshe ya kai shida da shida, a raba gardama da maki goma. Hannun da ya gyara wannan yana iya gyara waccan.

Akwai 'yan wasa mata da suka ce ba su son turmi biyar, saboda gajiya da yawan rauni, kuma maganarsu abin saurare ce. Abin da muke nema shi ne a zauna da su a tambaye su, a daina yanke musu hukunci a bayan idonsu kamar yadda aka yi shekara ɗari da wani abu da suka wuce. Ke kuma 'yar'uwa, duk ranar da wani ya ce miki ladan matan tanis ya fi aikinsu, ki tambaye shi wa ya auna musu aikin.

Muna jiran wasiƙunku a kan wannan batu. Sai mun sake saduwa.