NAZARI: Wa ke duba lafiyar malamai da ma'aikatan jinya a Maradun, Bakura da Talata Mafara?

A shekarar 2021, cikin kusan wata shida, 'yan bindiga suka afka wa makarantu uku a ƙananan hukumomi uku maƙwabtan juna a Jihar Zamfara. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan matan sakandaren Jangebe da ke Talata Mafara, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. A tsakiyar Agusta aka kutsa Kwalejin Noma da Kiwo ta Bakura, aka kashe ɗan sanda ɗaya da masu gadi biyu, aka tafi da ɗalibai 15 da ma'aikata huɗu. Ranar 1 ga Satumba kuma aka sace ɗalibai 73 a sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya da ke Maradun.

A kowane karo hankalin duniya ya tafi ga yaran, kuma haka ya dace. Sai dai da aka buɗe makarantu bayan watanni, malaman da suka ga abin da ya faru su ne suka koma ajin, suka ɗauki alli. Haka ma ma'aikatan jinya da ungozomomi na ƙananan asibitocin gundumomi irin su Tsibiri, Gidan Goga, Faru da Janbako: su ake kai wa wanda aka harba, su ke karɓar haihuwa cikin dare, sannan su bi hanyar da kowa ke tsoro su koma gida. Ba kasafai ake tambayar yadda suke barci ba.

Abin da matsin aiki ke yi wa jiki

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sanya ƙosawa da aiki cikin kundinta na rarrabe cututtuka, a matsayin lalurar da ke samo asali daga wurin aiki idan matsi ya daɗe ba a magance shi ba. Alamominta uku ne: gajiyar da hutu ba ya kawar da ita, sanyin gwiwa da jin aikin ya fita daga rai, sai raguwar ƙwazo.

Wani nazari da hukumar ta fitar tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, a 2021 ya nuna cewa yin aikin awa 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016. Masu irin wannan dogon aiki sun fi masu awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17.

Dalilin a fili yake. Idan mutum ya firgita, jiki kan saki sinadaran da ke ƙara bugun zuciya, su ɗaga jini, su kore barci, domin ya gudu ko ya kare kansa. An halicci wannan shiri ne don ɗan lokaci. Wanda ke kwana da kunne a waje, ƙarar babur ta sa gabansa ya faɗi, jikinsa ba ya samun damar sauka. Daga nan hawan jini ke shigowa, da ciwon kai, da saurin fushi, da mantuwa. Mantuwar malami na iya tsayawa a darasi. Ta mai ba da allura tana iya cin rai.

Nauyi uku a wuya ɗaya

Ma'aikacin karkarar Zamfara yana ɗauke da kaya uku lokaci guda. Na farko tsoro. Na biyu ƙarancin abokan aiki. A 2024 Ministan Lafiya, Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar Najeriya cikin 'yan shekaru, kuma waɗanda suka rage sun fi taruwa a manyan birane. Duk wanda ya tafi, aikinsa kan wanda ya tsaya yake komawa. Na uku albashi. Sai a watan Yunin 2024 Zamfara ta fara biyan mafi ƙarancin albashi na naira 30,000, shekara biyar bayan an yi dokarsa, kuma wata guda kafin Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar naira 70,000.

Sakamakon sananne ne ga duk wanda ya san yankin. Mai hanya ya nemi canjin wurin aiki zuwa Gusau ko cikin garin Mafara. Marar hanya ya rage zuwa, ko ya zo da gangar jiki kawai. Asarar kuwa ta faɗa kan mai naƙuda da ɗan firamare da ba su da inda za su je. Kasancewar Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, MSF, tana tallafa wa jinyar yara a Babban Asibitin Talata Mafara ya nuna girman nauyin da ke kan ma'aikatan gida.

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Nuwamban 2023, sannan a fannin lafiya a farkon 2024. An ga gyaran gine-gine. Amma sabon fenti ba ya sa malami barci, kuma asibiti ba ya aiki da bango.

Haƙuri da abin da doka ta ce

Maganin da aka fi ba ma'aikaci a nan shi ne “a yi haƙuri”. Haƙuri da addu'a suna riƙe mutane da yawa, haka ma zaman majalisa da abokai da tattaunawa da malaman addini. Akwai kuma abin da mutum zai yi wa kansa: auna jini akai-akai, kiyaye lokacin barci, rage kallon hotunan hare-hare a waya da dare, guje wa shan maganin barci ba da izinin likita ba, da faɗa wa wani amintacce idan abin ya yi nauyi. Cikas ɗin shi ne kunya. Cewa “an kai shi Kware”, wato Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Jihar Sakkwato, har gobe tamkar tabo ne, don haka mutane ke ɓoye damuwa har ta zama ciwo.

Duk da haka, wanda ya ɗora kaya shi ya kamata ya rage shi. Sashe na 8 na Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ya amince cewa ma'aikaci na da haƙƙin diyya idan ya shiga matsananciyar damuwa sakamakon wani mummunan abu da ya auku ba zato a bakin aiki, ko kuma likita ya tabbatar yanayin aikin ne ya jawo ta. Hukumar NSITF ke kula da asusun, kuma mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi, ba ma'aikaci ba. Malamin da aka sace ɗalibansa a gabansa ya dace da wannan tanadi. Ga kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 kuma ta haramta nuna wa masu lalurar wariya.

Matakan da suka rage ba su kai kuɗin gina asibiti ɗaya ba. A ƙayyade wa'adin zama a wuraren haɗari, a riƙa karɓa-karɓa a bayyane, yadda ba sai ɗan wane ke tsira ba. A daina barin mutum ɗaya shi kaɗai a aikin dare. A ba da hutu da ganin ƙwararre ga duk wanda hari ya rutsa da shi, kafin a ce ya koma aiki. A horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane alamun damuwa, kamar yadda shirin mhGAP na WHO ya tsara tun 2008. A biya alawus ɗin karkara da na haɗari a kan lokaci.

Ƙungiyar malamai ta NUT da ta ma'aikatan jinya sun saba fafutuka kan albashi da ƙarin girma. Lokaci ya yi da za su nemi jiha da ƙananan hukumomi su nuna shaidar zuba kuɗi a asusun diyyar. Matasan da ke shirin zaɓen 2027 su ma suna da tambayar da za su yi wa duk mai neman ƙuri'ar Maradun, Bakura da Talata Mafara: ma'aikata nawa aka tura gundumarmu, nawa ne suka zauna, kuma me aka yi wa waɗanda suka zauna?