Baki Shi Ke Yanka Wuya

Akwai wata kalmar Turanci da 'yan siyasa ke yawan furtawa a gidajen rediyo, wato "demonize". Ma'anarta a mayar da mutum shaiɗan a idon jama'a, abin da Bahaushe ke kira shafa kashin kaji. Asalinta daga Girkanci ne, "daimon". A wurin Girkawan da, wani ruhi ne tsakanin mutane da allolinsu, kamar dai aljanu, akwai nagari akwai miyagu. Kiristocin farko ne suka keɓe kalmar ga miyagun kaɗai, a haka ta bi ta Latin ta shiga Turanci.

To, irin wannan juyin aka yi wa kalmar "Zongo". Zango ne na Hausa, inda fataken goro kan sauke kaya su huta a hanyar Salaga. Amma yau a bakin waɗansu mutanen Akara, da an ce Nima ko Maamobi, sai a ce matattarar ɓarayi da 'yan daba. Sun manta daga Nima Mohammed Kudus ya fito, wanda ya ci wa Ghana ƙwallo 2 a ragar Koriya ta Kudu a gasar cin kofin duniya ta 2022.

Kada 'yan kasuwa su ɗauka wannan zancen fatar baki ne kawai. Sai da aka ɗora wa baƙi laifin rashin aiki da sace-sace, sannan a ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako 2 ya bar ƙasar. Dubban Hausawa da Yarabawa suka karyar da hajarsu suka fice, har da waɗanda a Ghana aka haife su. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ita ma ta kori 'yan Ghana wajen miliyan 1 daga Nijeriya. Duk daga ɓata suna aka faro.

Saboda haka muna kira ga masu riƙe da makirufo su daina yi wa Zongo kuɗin goro. Wanda ya yi laifi a kama sunansa, a bar unguwarsa. Mu ma kuma mu duba bakinmu. A kasuwannin Aflao da Paga, sau nawa muke kiran kowane Bafulatani ɓarawon shanu? Wanda ya san zafin kashin kaji bai kamata ya shafa wa wani ba.

Allah Ya tsare mana harsunanmu.