Hunturu Ya Shigo Garwa, Ina Yaranmu Za Su Je Su Yi Karatu?

Tun shigowar Disamba hazo ya sauka a Garwa. Wanda ya bi ta gadar Binuwai da sassafe ya san abin da nake faɗi: ruwa ya ja baya, yashi ya fito fili, ƙetaren kogi ya ɓace cikin farar ƙura, masu baburan haya sun naɗe fuska sai idanu. Mai shayi ya fi kowa ciniki. A cikin gidaje iyaye mata na ta shafa wa yara man kaɗanya a dugadugai saboda faso, manyan motocin kamfanin SODECOTON kuma na shigowa gari shaƙe da auduga. Mu da muka san zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40 ɗakin kwano ya koma tanda, mun san darajar waɗannan 'yan makonni. A cikinsu ne kawai yaro zai zauna a ɗaki da tsakar rana hankalinsa kwance, ba gumi ba gyangyaɗi. A tsakiyarsu kuma makarantun boko ke ba da hutun ƙarshen shekara, wajen mako biyu.

To ina yaranmu ke zuwa a wannan hutun?

Abin da ya sa na ɗauko zancen, 'yar ƙanwata ce, mai shekara tara. Na je gidansu ranar da aka ba da hutu, na tarar da ita a bakin murhu tana jin ɗumi, littafin karatun ajinsu a kan cinya. Bangon ya rabu, an ɗinke shi da zare. Na karɓa na buɗe tsakiya don in gwada ta, sai ta kawo mini shafin da ka, ba ta ko kalli takardar ba. Ta karanta shi har ta haddace, don shi ke nan gare ta. Da zan tafi ta biyo ni har zaure ta ce, "Kawu, babu wani?" Wannan tambaya ta hana ni barci.

Kashegari na kai mata tsohon kwafina na Magana Jari Ce, na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a Zariya a 1937. A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Yarinyar da Faransanci ta koyi haɗa baƙi, saboda haka duk inda ta ga "ce" sai ta ce "se", ta ga "u" ta tsuke baki irin na Faransawa, ƙ da ɗ da ɓ kuwa ta ɗauka kuskuren maɗaba'a ne. Harshen da ta tashi da shi, wanda take mafarki da shi, ya zame mata baƙo a kan takarda. Muka zauna na nuna mata baƙaƙen, bai fi rabin sa'a ba. Kwana biyu tana tuntuɓe. A rana ta uku uwarta ta aiko mini cewa in zo in gani: ta tara yaran maƙwabta shida a kan tabarma, tana karanta musu labaran da aku ke ba ɗan sarki, suna ta dariya, har wani ƙaramin yana cewa a maimaita. Rabin sa'a da littafi guda, abin da aka kashe ke nan. Yara nawa ne a unguwannin Yelwa da Fulɓere da Lopere da Rumde Ajiya suke jiran wannan rabin sa'ar?

A ƙasashen da sanyi ke kora mutane cikin ɗaki, irin su Kanada da Ingila, ɗakunan karatu na birni sun daɗe da gane cewa lokacin sanyi kakarsu ce. Suna tsara wa yara sa'ar labari, da zane, da wasan kwaikwayo, da aikin hannu, kyauta, domin iyaye su san inda 'ya'yansu suke. Mu sanyinmu ba ya kashe kowa, sauƙi ma yake kawo mana, amma ƙurarsa na sa tari da ciwon ido, kuma yaron da ya wuni yana gantali a cikinta da dare za a ji shi. Ɗaki mai tsabta, mai tabarmi da littattafai da babba guda mai kula, ya fi masa titi ta kowace fuska.

Ba zan ce ba a yin komai ba. Alliance Française ta Garwa na da ɗakin karatu da dandalin wasanni, kuma yara da matasa da yawa a nan suka fara riƙe littafin da ba na jarrabawa ba. Allah ya saka wa masu aikin wurin. Sai dai ƙidayar 2005 ta samu mutum fiye da 235,000 a garin nan, kuma kowa ya ga yadda unguwanni suka miƙe tun daga lokacin. Ƙofa ɗaya ba ta ɗaukar wannan jama'a. Uwa a bayan gari ba za ta biya wa 'yarta kuɗin babur zuwa da dawowa don ta je ta karanta labari ba, ko da tana da kuɗin ba za ta saki yarinya ita kaɗai ta ratsa gari ba. Ban da haka, cibiyar da aka kafa don yaɗa Faransanci aikinta take yi idan ta cika kantocinta da Faransanci. Fulatanci da Hausa da Fali da Mundang da Tupuri, wa zai tanadar musu kanta idan ba mu ba?

Nauyin nan doka ta riga ta faɗi a wuyan wanda yake. Dokar ƙananan hukumomi ta 2004, wadda aka sake tattarawa cikin babbar dokar Disamba 2019, ta miƙa wa ƙananan hukumomi kafa ɗakunan karatu na jama'a da cibiyoyin al'adu da tafiyar da su, har da shirya ranakun al'adu da gasar adabi. Garwa na da ƙananan hukumomi uku, ga kuma magajin gari a samansu. Don haka idan muka nemi kowace ɗaya ta buɗe ɗaki ko da guda a lokacin hutun hunturu, hakkinmu muka nema, wanda ke rubuce. Kuma garin nan ya iya shiri in ya so. A Janairun 2022, cikin irin wannan hazo, filin Rumde Ajiya ya karɓi gasar cin kofin Afirka, Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a gabanmu, baƙi suka cika gari daga Yola da Maiduguri da Kano, aka share tituna aka kunna fitilu. Garin da ya ɗauki wannan ba zai kasa ɗaukar yara hamsin a ɗaki guda na mako biyu ba.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a majalisa: mutane na fama da abin sawa a baki, kai kana zancen tatsuniya. Ban raina wannan magana ba, ni ma cefane nake yi. Amma a duba abin da shirin ke ci. Azuzuwan makarantun gwamnati a rufe suke duk tsawon hutun, da bencinansu da allunansu. Tabarmi, da randar ruwa, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo don ɓera da gara, da ɗan alawus na mutum biyu. Littattafan Hausa kuwa ba daga Turai za a yi odarsu ba. 'Yan kasuwarmu na zuwa Kano suna dawowa, wanda ya iya ɗauko dilar atamfa zai iya ɗauko kwali guda na Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi da Shehu Umar. Abin da ya fi tsada a cikin shirin duka shi ne mutumin da zai zo kowace safiya ya buɗe ƙofa a kan lokaci.

Masu koyarwar ma suna nan cikinmu, ba mu dai kira su ba ne. Na fara da tsofaffin mata. Ni a bakin wutar kara na ji Gizo da Ƙoƙi, wajen kakata, a irin waɗannan darare, muna ƙudundune cikin zane ɗaya mu huɗu. Tana cewa "ga ta nan ga ta nanku" duk wanda ke kuka zai yi shiru. Yau wayar hannu ta karɓe wannan sa'ar, tsofaffin na zaune a ɗaka da taskarsu ba mai tambaya, kuma duk wadda ta rasu ta tafi da nata. A ɗauko su, a ba su kujera da ɗan goro, wata ta yi da Hausa wata da Fulatanci, a sa manyan yara su rubuta abin da suka ji. Sai dai a kula, da yawansu ba za su yarda su yi tatsuniya da rana tsaka ba, haka aka tarbiyyantar da su, don haka a ajiye tasu sa'ar bayan la'asar, a sallami yara kafin magariba. A ƙarshen hutu a haɗa abin da aka rubuta a buga ko da kwafi ashirin ne. Shekara biyar ana haka, ɗakin karatun zai mallaki abin da babu shi a Yawunde ko Faris.

Sai masu sana'a: mai zanen ƙwarya, da baduku, da masaƙi, da mai busa algaita na fadar Lamiɗo. Yaron da ya ga yadda ake ɗora wuƙa mai zafi a bayan ƙwarya zane ya fito, ya kuma gwada da hannunsa, ya koyi abin da allon aji ba ya koyarwa. Makarantar horar da masu kula da namun daji tana garin nan tun 1970, ɗalibai na zuwa mata daga ƙasashen Afirka da dama, alhali yaran da ke ganin dorina a Binuwai ba su san komai game da rayuwarta ba. Ɗalibi ɗaya da hotuna goma ya isa ya cika musu safiya. Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, cike take da matasan da za su yi murna a ce su zo su karanta wa ƙannensu.

Akwai kuma tarihin garin kansa, wanda ya fi ci mini rai. Eldridge Mohammadou, haifaffen Garwa a 1934, ya ƙarar da rayuwarsa yana bin fadojin lamiɓe yana naɗar abin da tsofaffi suka riƙe a ka, har ya rasu a Maiduguri a 2004. Shi da Modibbo Ahmadu Bassoro sun fitar da littafi sukutum kan tarihin Garwa a 1980. Masana a ƙasashen waje na ambatonsa. Ka tare ɗan sakandare a garin nan ka tambaye shi sunan, ka ga ko zai sani. Ba laifin yaron ba ne, ba wanda ya taɓa ajiye littafin a inda hannunsa zai kai, balle a sauƙaƙa masa shi cikin harshen da yake ji.

Kada a manta da almajirai da 'yan makarantar allo. Yaron da ke karanta ajami mai karatu ne, ko da takardun hukuma ba su lissafa shi ba. Idan an tsara lokaci tsakanin hantsi da azahar, aka kuma nemi malamansu tun farko aka yi shawara da su, ranakun Alhamis da Juma'a da ba su da karatu za su iya zama nasu. In aka tsallake malamai da masu unguwa aka buɗe ɗaki kawai, zai zama na 'ya'yan ma'aikata, waɗanda dama suna da littattafai a gida.

'Yan mata kuwa sai an yi musu tanadi na musamman, in ba haka ba tallar gyaɗa da wanke-wanke za su cinye hutun. Mace ce za ta tsaya a ƙofa, wadda iyaye suka sani suka yarda da ita, kuma wurin ya zama na cikin unguwa, inda uwa za ta iya aika ƙaramin yaro ya kira. Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, wadda aka aurar tana yarinya, ta kuma sha faɗa cewa karatun littattafai ne ya riƙe ta a shekarun wahala. A 2020 littafinta Les Impatientes ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a Faransa, aka fassara shi cikin harsuna da yawa, duniya ta ji halin da matan arewacin Kamaru ke ciki daga bakin ɗaya daga cikinsu. Irinta nawa ne yanzu haka ke zaune a bakin murhu da littafi guda da suka haddace?

Ga alhazanmu masu hali ina da magana ɗaya. Kun gina masallatai kun haƙa rijiyoyi, Allah ya karɓa. Ilmin da ake amfana da shi ma yana cikin abin da ladansa ba ya yankewa, malamai sun sha karantar da mu. Amma a yi koyi da dabarar Andrew Carnegie, attajirin ƙarfe na Amurka, wanda kuɗinsa ya gina ɗakunan karatu 2,509 tsakanin 1883 da 1929. Ba ya ba gari gini sai hukumar garin ta ɗauki alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin kowace shekara wajen tafiyar da shi. Ya san abin da mu ma muka sani: gini ba ya wuya, riƙo ne aiki. Sau nawa muka ga an yanka ƙyalle an yi hoto, bayan damina biyu awaki ne ke kwana a barandar? Duk wanda zai ba da kwalin littattafai, ya nemi magajin gari ya sa hannu kan albashin mai buɗe ƙofa kafin ya sauke kayan.

A ƙarshen shekara ne majalisun ƙananan hukumomi ke zama kan kasafin kuɗin shekara mai kamawa. Kansilolin da muka zaɓa maƙwabtanmu ne, tare muke sallah, tare muke zaman makoki. A tambaye su layi nawa aka ware wa ɗakin karatu, in babu a nemi dalili. Hutun bana ya riga ya kama, amma hunturu na nan har Fabrairu, kuma makarantun firamare na tashi da wuri kowace Laraba. Ni dai na yi magana da mai unguwarmu, ya ba mu aron zaurensa daga Laraba mai zuwa bayan azahar. Littattafai goma sha ɗaya na tattara daga akwatunan abokai, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta yi alkawarin zuwa bayan la'asar, 'yar ƙanwata kuma ta ce ita za ta koya wa sababbi ƙ da ɗ da ɓ. Ta gama littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, na biyu da na uku nake nema mata, wanda ke da su a ajiye ya taimaka mana da aro.