Mu Dasa Itatuwa Kafin Iska Ta Yaye Mana Kwano



Kusan duk shekara idan damina ta kawo kai, sai a ji iska ta yaye kwanon wata makaranta, ɗalibai sun koma karatu a filin Allah, ko an cusa aji biyu a ɗaki ɗaya. Mukan ce tsautsayi ne, mu yi shiru. A ra'ayina, tunda mun san inda iska ke fitowa da lokacin zuwanta, ya kamata mu shirya mata. Shiri mafi sauƙi kuwa shi ne dasa itatuwa.

Da farko, me ke kawo iska? Allah ya sa rana ba ta dumama ko'ina daidai. Wurin da ya yi zafi sosai, iskar da ke kansa takan rage nauyi ta tashi sama, kamar hayaƙin murhu. Sai iskar wuri mai sanyi, wadda ta fi nauyi, ta kwararo ta cike gurbinta. Wannan kwararowar ce muke ji tana kaɗawa. Tsakiyar duniya ta fi ko'ina samun zafin rana, don haka iska ke nufo ta daga arewa da kudu. Amma da yake duniya juyawa take yi, iskar ba ta tafiya a miƙe, sai ta karkace. Shi ya sa hunturu yake zo mana daga arewa maso gabas.

Mu nan jihar Kebbi, iska iri biyu ce ke raba mana shekara. Ta farko ita ce ta hunturu, wadda ke busowa daga hamadar Sahara tun daga wajen Nuwamba har zuwa Fabrairu. Busasshiya ce, ga ƙura. Da yawan ƙurar nan daga wani kwari take tasowa mai suna Bodele a ƙasar Cadi. Ita ce ke tsaga mana leɓe, ta sa mu tari da mura, hazo ya rufe gari. Abin mamaki, wata ƙurar har tsallake Tekun Atilantika take yi ta sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka.

Ta biyu ita ce iskar damina, mai zuwa daga teku ta kudu maso yamma ɗauke da laima. Ba don ita ba, da Gulbin Rima bai cika ba, da ba a ga shinkafa a fadamar Birnin Kebbi da Argungu ba, da masunta ba su sami abin kamawa a Matan Fada ba. To amma wajen Mayu da Yuni, lokacin da take ture iskar hamada zuwa arewa, ƙasa ta riga ta gasu da zafin bazara. Sai iska mai laima ta yi sama da sauri, hadari ya haɗu. Irin wannan hadarin daga gabas yake tahowa, shi ya sa kakanninmu gabas suke dubawa. Kafin ruwa ya sauka, iska mai ƙarfi ke shigowa gaba, kuma ita ce mai yaye kwano.

Hausawa na cewa iska na wahalar da mai kayan kara. Makarantar da ke tsaye a fili fetal, babu ko itace ɗaya, ita ce mai kayan karan. Layin itatuwa yana rage wa iska ƙarfi kafin ta iso gini, yana tare ƙura, ga inuwa. Ko Tarayyar Afirka ta yarda da wannan, domin a 2007 ta amince da shirin ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, kuma Kebbi na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin ya shafa.

Wani zai ce awaki za su cinye dashen, ko babu ruwan ban ruwa, ko reshe zai faɗo kan aji. Duk da maganinsu. A kewaye kowane dashe da ƙaya. A riƙa tara ruwan alwala a bokiti ana zuba masa da rani. A kuma dasa shi can bakin katanga, nesa da gini.

Ga shawarata. Kowane aji ya ɗauki dogon yaro biyar ya dasa a watan Yuli, lokacin da ƙasa ta jiƙa, ta gefen gabas da arewa. A rubuta sunan ajin a jikin shingen, a ba ajin da nasa suka rayu kyauta a ƙarshen shekara. Waɗanda gidansu ke kusa su riƙa leƙowa lokacin hutu. Ina kuma roƙon shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su sa kafinta ya duba kwanon azuzuwa tun a Afrilu, ya ƙara ƙusa inda ta yi sako-sako.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wataƙila mu gama makaranta kafin itatuwan su girma, amma ƙannenmu za su zauna a inuwarsu. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.