Maiƙo da Homon: Kuskuren Fassara a Ƙasar Gyaɗa

A harshen Hausa kalmar maiƙo yabo ce. Miya mai maiƙo ita ce miyar gidan wadata, ma'aikata mai maiƙo ita ce wadda ake rububin shugabancinta, wanda kuwa ya yi wa rogo kallon kitse ya yaudari kansa ne, domin kitsen shi ne abin so. Sai ga shi a 'yan shekarun nan shirye-shiryen lafiya na rediyo da saƙonnin da ke yawo a WhatsApp sun mayar da kalmar abar tsoro: a guji maiƙo, maiƙo na toshe jijiya, maiƙo na kawo ciwon zuciya. Gargaɗin yana da tushe, amma an yanko shi ne daga ƙasashen da cin kitse ya wuce kima, aka fassara shi da kalma guda, aka watsa shi har ƙauyukan Gaya da Ajingi, inda damuwar gidaje da yawa ita ce yadda ludayin mai ɗaya zai ishi tukunyar mutum goma.

Abin da fassarar ta zubar a hanya shi ne cewa jiki na gina wani ɓangare na tsarinsa da maiƙo. Homon sinadarai ne da wasu gaɓoɓi ke sakewa cikin jini, su kai umarni ga wasu gaɓoɓin. Rukuni guda daga cikinsu, wato istirojin da furojestaron masu tafiyar da al'adar mata da riƙon ciki, da testostiron na maza, da kotisol mai taimakon jiki lokacin wahala, duk daga kolastirol ake ƙera su, shi kuwa dangin maiƙo ne. Bitamin A da D da E da K ba sa ratsa hanji yadda ya kamata sai da rakiyar mai. A 1929 George Burr da matarsa Mildred suka nuna cewa akwai nau'in maiƙon da jiki ba ya iya haɗawa da kansa, dole sai an ci shi, kuma gyaɗa da riɗi suna ɗauke da ɗaya daga cikin irinsa. A 1994 aka gano leftin, homon da kitsen jiki da kansa ke fitarwa ya sanar da ƙwaƙwalwa yawan tanadin da ke rumbu. Idan tanadin ya yi ƙasa ƙwarai, balaga kan jinkirta, al'ada kan rikice ko ta ɗauke. Ga budurwar karkara da ke dab da aure da goyon fari, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Abin takaicin shi ne wannan yanki ba baƙon mai ba ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama dukiyar ƙasar, har aka yi dalar gyaɗa, kafin fari da cutar da ta afka wa gonaki a 1975 su karya kasuwar. Sana'ar ba ta mutu a cikin gida ba. Har gobe matan Gaya da Ajingi na soya gyaɗa, su murje ɓawo, a kai inji a markaɗo, su tuƙa da ruwan zafi har mai ya taso, su matse tunkuza su soya ƙuli-ƙuli. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, haka ma riɗi. Amma man da aka tatsa jari ne: kwalba ake cikawa a ba yarinya ta kai talla, domin da kuɗinsa za a sayi gyaɗar gobe, a yi zubin adashi, a tara kayan ɗaki. Mai sana'ar kan ƙare da miyar kuka lami. Idan irin wannan baiwar Allah ta ji likita a rediyo yana cewa a rage maiƙo, an ba ta hujjar ci gaba da hana kanta abin da tun farko bai ishe ta ba.

Al'ada ta riga masana gane wani abu a nan, ko da ba ta da sunansa. Ba banza ba ake sa man shanu ko man gyaɗa cikin garar amarya, ake gasa wa mai jego nama, ake dama mata kunun gyaɗa. Mai shayarwa na buƙatar ƙarin kuzari, giram ɗaya na mai kuwa yana ba da kalori 9, alhali na tsaba 4 ne. Al'adar dai ba ta tsira daga kuskure ba, domin ita ce ta haifi camfin hana yaro ƙwai wai kada ya yi sata, ga gwaiduwa kuwa cike da abin da jikinsa ke nema.

Sai dai kada gyaran gangar auzinawa ya biyo baya. Hanta da sauran gaɓoɓi ne ke haɗa mafi yawan kolastirol ɗin da jiki ke amfani da shi, saboda haka ɗirkar man shanu ba ya ƙara wa namiji kuzari, ba ya kuma ba mace haihuwa. Ba kowane homon ne ma ya fito daga maiƙo ba: insulin furotin ne, na maƙogwaro kuwa aidin yake buƙata, rashinsa ne ke kawo maƙoƙo. Masu tallar haɗe-haɗen "daidaita homon" a Facebook da TikTok sun ari kalmar ne domin baƙuwa ce, ba mai iya ƙure su a kanta. Ƙiba mai yawa ita ma tana rikita homon kamar yadda rama ke yi.

Haɗarin gaske yana da sunaye. Akwai man da aka soya ƙosai da awara a cikinsa har ya yi baƙi, ana ƙara sabo a kan tsoho. Akwai man da masana'antu ke daskarar da shi ta hanyar sinadari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai kashi 1 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a abinci, yayin da ta sa wa kitse mai daskarewa irin na kakiɗe iyakar kashi 10, maiƙo baki ɗaya kuma kashi 30. Akwai gubar afalatokzin da ke fitowa a gyaɗar da ta yi fumfuna, mai lalata hanta, wadda aka gano bayan mutuwar talotalo kusan 100,000 a Ingila a 1960. Kowanne daga cikin waɗannan ana iya faɗinsa da Hausa tsantsa, ba tare da an tsoratar da mutane daga man gyaɗa da man riɗi da man ja ba.

Nan ne aikin ya faɗo hannun manazarta Hausa. Harshen na da mai, da maiƙo, da kitse, da kakiɗe, da maski, ga ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 a matsayin madogara. Abin da ya rage shi ne a zauna da likitoci da masana abinci a keɓe wa kowane nau'i kalmarsa, yadda man tsirrai mai narkewa zai rabu da kitse mai daskarewa a kunnen mai sauraro, shi ma homon ya sami bayanin da ungozoma za ta iya maimaitawa. Teburin jami'a kaɗai ba zai wadatar ba. Sai an ɗauki kalmomin an kai su ɗakin awon ciki a Gaya da tsakar gidan masu ƙuli-ƙuli a Ajingi, a karanta musu, sannan a roƙe su su faɗi abin da suka fahimta.