LAFIYA UWAR JIKI: Yaro mai farfaɗiya da filin wasa

Masu iya magana sun ce yaro bai san wuta ba sai ta ƙone shi, don haka ne nauyin tsaronsa ya rataya a wuyan manya. Sai dai tsaron ma yana son sani. A garuruwan Ƙonni, Malbaza da Illela, kamar sauran ƙasar Hausa, da zarar an tabbatar yaro na da farfaɗiya, hukuncin farko da iyaye ke yankewa shi ne a raba shi da wasa. A hana shi ƙwallo, a hana shi kokawa da langa, ya zauna ƙofar gida yana kallon tsaransa. Gari na wayewa kuma sai a miƙa masa guga da igiya ya tafi rijiya, ko a aike shi ya hau gawo ya karyo wa awaki ganye. Yarinya a ɗauke ta daga dandalin gaɗa a zaunar da ita gaban murhu. Da kyakkyawar niyya aka yi, amma an janye yaron daga wurin da ba shi da haɗari sosai, an tura shi wurin da faɗuwa ɗaya ke iya zama ajali.

Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na aika wa juna saƙo ta hanyar wani ɗan lantarki. Idan saƙon ya rikice ya taso gaba ɗaya, sai yaro ya faɗi yana makyarkyata, ko ya ƙura ido na ɗan lokaci ba ya jin kira. Likitoci na kiran abin farfaɗiya ne idan ya maimaitu ba tare da wani dalili na nan take ba. Taune-taunen da zazzaɓi mai zafi ke kawo wa yara daga wata 6 zuwa shekara 5 wani abu ne daban, kuma yawancinsu suna girma su rabu da shi. Ciwon ba ya yaɗuwa. Ba a ɗaukarsa ta yawu, ko ta numfashi, ko ta cin abinci ƙwarya ɗaya. Wanda ya tallabi mai farfaɗiya bai ɗauki komi ba.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa mutane wajen miliyan 50 ke da wannan ciwo, kuma kusan 80 bisa ɗari suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Ta ce har 70 bisa ɗari na iya rayuwa ba faɗuwa idan aka gano ciwon aka ba su maganin da ya dace, alhali a ƙasashe matalauta mutum uku cikin huɗu ba sa samun wannan magani. Daga cikin abubuwan da ke haddasa shi akwai wahalar haihuwa, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, bugun kai, da sanƙarau. Nijar kuwa na tsakiyar yankin da sanƙarau ke yi wa dirar mikiya lokacin rani. Dattawa ba su manta annobar 1995 da 1996 ba, kuma sai a ƙarshen 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Nijar, Mali da Burkina Faso. Yaran da suka tsira daga sanƙarau, wasu sun fito da kurumta, wasu da raunin gaɓoɓi, wasu da farfaɗiya. Ke nan irin waɗannan yara ba baƙi ba ne a kowane gari na jahar Tawa.

To, wane wasa ya dace da su? Akwai tambaya guda da uwa ko uba ko mushen lakwal ke iya yi wa kansa, ba sai ya yi karatun likita ba: in ciwon ya taso wa yaron nan yanzu, ina zai faɗa? In amsar ita ce bisa rairayi, cikin mutane, to wasan ya halatta. In kuwa amsar ita ce cikin ruwa, cikin wuta, daga bisa tsawo, ko gaban mota, to a nan ne ake buƙatar tsauri.

Bisa irin wannan ma'auni ne ƙungiyar likitocin duniya masu yaƙi da farfaɗiya ta kasa wasanni gida uku cikin wani rahoto da ta fitar a 2016. Gida na farko ya ƙunshi wasannin da faɗuwa cikinsu ba ta ƙara wani babban haɗari: gudu, rawa, ƙwallon ƙafa da sauran wasannin ƙwallo na taro, har da kokawa. Gida na biyu wasanni ne masu matsakaicin haɗari ga mai yin su, irin su iyo, hawan keke, hawan doki da dambe. Na uku su ne masu babban haɗari, kamar hawan dutse, nutso cikin ruwa, tseren motoci da sukuwar dawaki. Rahoton ya kuma nuna cewa ba kasafai motsa jiki ke tayar da ciwon ba, kuma yawancin masu farfaɗiya amfana suke yi da shi.

Wannan labari ne mai daɗi ga jahar da aka fara gasar takobin kokawa ta ƙasa a cikinta, a birnin Tawa, shekara ta 1975. Yaron da ke shan maganinsa yana iya kama kokawa da sa'ansa bisa rairayi mai laushi, da babba tsaye kusa. Yana iya langa, yana iya ɓuya, yana iya ƙwallo a filin da aka tsince duwatsu da fasassun kwalabe, abin da ke da muhimmanci a ƙasar Adar mai tsakuwa. Yarinya na iya gaɗa da carafke tare da ƙawayenta, in dai dandalin na nesa da wuta da bakin hanya. Dambe kuwa, tun da kai ake nema da dunƙulen hannu, gara a bar shi sai likita ya yarda. Sukuwar salla ma a bar wa wasu.

Ruwa shi ne babban abokin gaba. Wani bincike da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa haɗarin mutuwa ta nutsewa ga mai farfaɗiya ya ninka na sauran mutane sau 15 zuwa 19. Wanda ciwon ya kama cikin ruwa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu, kuma ruwan da bai kai gwiwa ba ya isa ya kashe shi. Ƙasar Ƙonni kuwa tana da ruwa. Madatsun Mozage da Zango da ke bisa kwarin Magiya, da tafkin Cerasa, da magudanan da ke shayar da fiye da hekta 2.000 na noman rani, duka wuraren wankan yara ne. Haka garakan albasa na Galmi da rijiyoyinsu, da kwarin Badagishiri lokacin damina, da kududdufan da ake haƙa don ƙasar gini a bayan kowane gari. Ruwan nan jajaye ne, wanda ya nutse ba a ganinsa. Yaron da ciwonsa bai lafa ba kada ya shiga. Wanda ya lafa, likita kuma ya amince, ya shiga wuri marar zurfi tare da babban da ya iya iyo, wanda ba shi da wani aiki sai kallonsa, kuma yana kusa da shi iyakar miƙa hannu. Taron yara ƴan uwansa ba tsaro ba ne. Jan ruwa daga rijiya marar murfi ya fita daga aikinsa. In da famfo, ya tafi famfo. Ko wankan gida, ya yi da bokiti da moɗa, kada ya kulle ƙofar makewayi.

Sai wuta. Da yawa cikin masu farfaɗiya ana gane su ne da tabon ƙuna a hannu ko a ƙafa. Yarinya na iya tankaɗe, ta tsince wake, ta yi wanke-wanke a tsakar gida, amma tuƙin tuwo da suyar ƙosai su jira sai ciwon ya kwanta, kuma da babba a kusa. Lokacin hunturu, in ana jin ɗumi, a zaunar da yaron baya. Malaman allo da almajiransu ke karatun dare kewaye da wuta su ma su sa shi sahun baya, kusa da wani babba da ya san halinsa.

Na uku tsawo: hawan itace don ganye ko ƴaƴan kanya da mangwaro, hawan rumbu, hawan katanga, zama bisa lodin amalanke. Na huɗu hanya. Babbar kwalta ta ɗaya da ta taso daga Yamai ta ratsa Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza da Galmi, kuma manyan motoci masu ɗauke da siminti da albasa ba sa tsayawa a taku ɗaya. Hawan keke bisa wannan hanya, ko wadda ta rabu daga Tsarnawa zuwa Tawa, ba na mai farfaɗiya ba ne, haka ma talla tsakanin motoci a tasha. Ya koyi kekensa a fili, nesa da hanya, da hular kwano in an samu. In za a ɗauke shi bisa kabu-kabu, a sa shi tsakiya, babba ya riƙe shi ta baya. Kiwo ma, in ya zama dole, kada ya fita shi kaɗai.

Duk wannan sassauci ya dogara ne ga magani. Fenobarbital, wanda ake amfani da shi tun 1912, da wasu magungunan da suka biyo bayansa, suna aiki ne in ana shansu kullum a kan lokaci. Tsayar da magani farat ɗaya na iya tayar da faɗuwar da ta fi ta baya muni, saboda haka kada a yanke shi don an ga sauƙi, kada kuma a saya hannun ƴan talla. Likitan CSI, ko na asibitin gunduma, ko na asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, shi ne zai auna nauyin yaro ya faɗi adadin da zai sha. Rashin barci, zazzaɓi da mantuwar magani na cikin abubuwan da suka fi tayar da ciwon. Ranar da yaro ya kwana biki, ko jikinsa ya yi zafi, ko aka manta maganinsa, ranar hutu ce. Cikin watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, a yi wasa da safe ko bayan la'asar, da ruwan sha kusa. Yaron da ya cika shekara guda bai faɗi ba, likita na iya sassauta masa abubuwa da dama da aka hana shi a baya.

Akwai kuma yaran da ciwon ƙwaƙwalwa ya sandarar musu da gaɓoɓi tun haihuwa ko bayan sanƙarau. Su ma barinsu kwance bisa tabarma cikin ɗaki na ƙara ƙage musu jiki. A shawarwarinta na 2020, OMS ta nemi yara daga shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki aƙalla minti 60 a rana, ta kuma sa yara masu naƙasa cikin lissafin, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Ga irin wannan yaro, jifa da cafe ƙwallon tsumma yana zaune, tafi da waƙa, rarrafe bisa rairayi, tsayuwa riƙe da sandar da aka kafa ƙasa, duka motsa jiki ne. A fara kaɗan-kaɗan, kada a miƙe gaɓa da ƙarfin tsiya, kuma a nemi masu gashin ƙashi na asibiti su nuna wa uwa yadda za ta yi a gida.

In faɗuwa ta zo cikin wasa, abin yi kaɗan ne. A kawar da duwatsu da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa masa riga ƙarƙashin kai, a kwantar da shi bisa gefe don yawu ya fita. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko tsinke a baki, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a turara masa hayaƙi. Harshe ba ya haɗiyuwa, amma ɗure na iya shaƙe yaro. Yawancin faɗuwa na wucewa cikin minti biyu ko uku. In ta wuce minti 5, ko ta sake tasowa bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni, sai a garzaya likita. In cikin ruwa ne, a tallabe kansa sama, a fid da shi, a kai shi asibiti ko da ya farka garau.

Abin da ke hana duk wannan aiki shi ne ɓoyo. Iyaye na rufe zancen don gudun a ce gidansu da iska, ko don kada yarinya ta rasa miji. Sakamakon haka mushe bai sani ba, malamin allo bai sani ba, ranar da yaron ya faɗi kowa ya watse ya bar shi. Ya kamata uba ya taka da ƙafarsa ya sanar da daraktan lakwal, mushe kuma ya tara ajin ya koya musu yadda ake kwantar da mutum bisa gefe. Sarakuna, limamai da masu unguwanni na da baki wajen gaya wa jama'a cewa ciwon ba ya yaɗuwa. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, wadda ta ambaci haƙƙin yara na wasa tare da tsaransu, kuma a watan Mayun 2022 ƙasashen OMS sun amince da shirin shekara goma na yaƙi da farfaɗiya. Takardu dai sun samu. Cikarsu na hannun uwar da za ta karɓe guga daga hannun ɗanta, ta bar shi ya tafi filin ƙwallo bayan ya sha maganinsa.