Katanga ko Maigadi?

Wani maƙwabcina mai sayar da kayan gini ya ɗora layin shagonsa a kan irin manhajar nan da mutum ke tsara mata yadda za ta karɓi kira. Da masu talla da 'yan damfara suka ishe shi, sai ya sa yaron da ke kula masa da kwamfuta ya toshe duk lambar da ba ta cikin littafin masu ciniki. Kwana uku shiru, har yana murna. Ashe cikin waɗanda aka kora har da direban da ya ɗauko masa siminti, wanda cajinsa ya ƙare a hanya ya ari wayar wani ɗan kamasho.

Toshe kira ba shi da wuya. A Twilio, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, umarni ɗaya ne, Reject: kira ya shigo, a duba lambar, in tana cikin jerin waɗanda ba a so sai a katse tun ba a ɗauka ba, ko kwabo ba za a caje ka ba. Manhajar Asterisk ma, wadda Mark Spencer ya ƙirƙira a 1999, tana da irin wannan jeri. Inda gizo ke saƙa shi ne, lambar da ke fitowa a fuskar waya ba shaida ba ce. Mai kira ta intanet yana iya aro kowace lamba ya yafa. Ka toshe shi yau, gobe ya dawo da sabuwar riga. Shi ya sa a 2021 Amurka ta wajabta wa manyan kamfanonin wayarta tsarin STIR/SHAKEN, mai tantance asalin lambar da ta yi kira. Mu nan muna da lambar hana talla ta 2442 da hukumar sadarwa ta NCC ta kawo a 2016. Tana rage tallan kamfanoni, amma ɗan damfara ina ruwansa da ita?

Ni a ganina maigadi ya fi katanga. Baƙuwar lamba ta shigo, murya ta ce da Hausa, "Danna ɗaya a haɗa ka da shago." Na'urar da ke buga dubban lambobi tana zuba saƙon da aka naɗa, galibi ba ta dannawa. Direban siminti zai danna. Jerin toshewar kuma a riƙa tankaɗe shi, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan sayar wa wani, sai bawan Allah ya gaji laifin da bai ji ba bai gani ba.

Maƙwabcin nawa ya koma wannan tsari. Direban dai har yau bai daina yi masa gori ba.